Ƙafar Jirgi a Tsakar Gidanmu

Maigidana makaniki ne, amma ba na mota ba. Injinan kamfani yake gyarawa. Lokacin da aka kai ni gidansa yana aiki a Bompai, a kamfanin wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai yin takalman roba da bokitai, muna zaman haya a Dakata. Da Kwaran ya buɗe sabon kamfani a Challawa sai ya mayar da shi can, mu kuma muka tattara komatsanmu muka koma ƙauyensu, gidan da mahaifinsa ya bari. Daga ƙofar gidan in ka bi gangare, kafin ka gaji ka isa bakin kogi. Mu uku ne manya a ciki: ni, da Malam, haka nake kiransa, da Iya mahaifiyarsa, wadda kunnenta ya yi nauyi amma bakinta yana nan yadda yake. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba na fita sai da dalili, don haka yawancin abin da zan faɗa a tsakar gida ya faru, saura kuma a tsakar gida aka kawo mini labarinsa.

Kwaran nan yana da jirgin ruwa, ƙarami mai gudu, fari da jan layi a gefe. Duk Lahadi sai a ɗaura shi a bayan mota a ja shi zuwa madatsar ruwa ta Tiga, ya zuba iyalinsa a ciki su yi ta kewaya ruwa har rana ta yi sanyi. Malam ne mai kula da injin, saboda haka ya yi shekaru ba shi da Lahadi. Bai taɓa ƙorafi ba. Yakan dawo da kifi yana ba ni labarin yadda jirgin ke ɗaga hanci sama in an ba shi wuta, ni kuma ina cewa "to" ina gyara kifin.

Sai aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, kayan aiki suka fara yanke wa kamfanoni. Kwaran dama ya tsufa. Ya sayar wa wani Alhaji da kasonsa, ya ce zai bi 'ya'yansa ƙasar waje. Kafin ya tashi ya rarraba wa tsofaffin ma'aikatansa kayan gidansa. Direba ya sami firji. Kuku ya sami keken ɗinkin uwargida. Mai gadi ya sami fanka, ko da yake ba a kai wuta garinsu ba. Malam, da yake ya fi kowa daɗewa kuma tsohon yana ji da shi, shi aka ba jirgi.

"Ya ce babu wanda ya san shi kamar ni," in ji Malam ranar da ya zo da labarin, fuskarsa kamar wanda aka biya wa Makka.

Na ce, "Allah ya saka masa da alheri. Shi kukun yana da mata kuwa?"

Bai gane inda na dosa ba. Ya ce yana da.

Tarakta ce ta jawo jirgin a kan tirelarsa. Ba zai shiga ta zaure ba ko da an rushe rabin zauren, sai aka girke shi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Na leƙa na gan shi. Ya fi yadda nake zato kyau. Iya ta fita da sandarta ta kewaye shi, ta ƙwanƙwasa cikinsa, sannan ta dubi ɗanta.

"Ruwan fa? Shi ma ya ba ka, ko saya za ka yi?"

Amma Malam yana da shiri. A tsallaken kogi akwai ƙauyukan da samarinsu da magidantansu ke aiki a kamfanonin Challawa, wasu a wajen jimar fata, wasu a masaƙa. Da rani kogin rairayi ne, a ƙafa suke ratsowa. Da damina in ya kawo, sai su yi cirko-cirko a gaɓa suna jiran wani dattijo mai fito, abokin mahaifin Malam ne tun ƙuruciya, wanda ke tura kwalekwalensa da gora a hankali kamar ba jiniya ake busawa a ƙetare ba. Wanda ya makara kuwa a rufe masa get. Malam ya ce shi zai riƙa kwaso su da sassafe kafin ya shiga nasa aikin. Ya ce abin da dattijon ke yi a hantsi guda, shi kafin a gama shan koko ya gama.

Injin jirgin irin na mota ne, yana zaune a cikin cikinsa. Amma ta baya, a waje, akwai wani ƙarfe rataye wanda tsawonsa ya kai mini ƙirji, da farfela a ƙasansa. Shi Malam ke kira ƙafa. Ita ke shiga ruwa, ita ke juya farfela, kuma a cikinta akwai haƙoran ƙarfe da ke kwance cikin mai. Duk wahalar da muka sha a kan man nan ne.

Ranar da kogi ya fara kawowa, mazan unguwa suka taru suka gangara da jirgin. Ina tsakar gida ina suyar gyaɗa na jiyo rurinsa, kaji suka watse, yara suka bi gangare da gudu. Da azahar aka jawo shi aka dawo, Malam ya aiko a ba shi farin kwano mai tsabta. Na zaro ɗaya daga cikin na jerena. Jim kaɗan sai ga shi ya shigo riƙe da kwanon da hannu biyu, a hankali, kamar mai kai wa majiyyaci magani. Ya miƙo mini gaban fuska.

"Me kika gani?"

Na ce, "Kunun gyaɗa."

"Man giya ne."

Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsifar auduga. Duk abin da aka faɗa a gidan nan tun safe ba ta ji ba, amma wannan ta ji.

"Giya? A gidan da aka sauke Alƙur'ani?"

Sai da Malam ya durƙusa a gabanta yana kwatanta mata giyar mota da hannu, yana turawa gaba yana dawowa baya, kafin ta yarda. Ko bayan nan ba ta taɓa kama sunan a bakinta ba, "man abin nan" take cewa.

Ya yi mini bayani. Lafiyayyen man giya garau yake kamar zuma. In ruwa ya shiga, haƙoran nan suka kaɗa su tare, shi ne yake komawa fari. In aka bar shi haka ƙarfe ya yi tsatsa, boris ya kama, shi ke nan ƙafar ta mutu, kuma babu irinta daga nan har bakin teku. Saboda haka jirgi ba zai ɗauki kowa ba sai an gano ta inda ruwan ke shiga.

Maƙwabta biyu suka taimaka aka kwance ƙafar, aka shigo da ita tsakar gida don kada yara su taɓa. Ya kafa mata azara biyu ya rataye ta tsakanin murhuna da turmi. Duk inda na juya tana nan tsaye kamar baƙuwar da ta ƙi zama.

Abin da ya fara zargi shi ne noti biyu da ke jikinta, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, inda ake zuba mai da tsiyaye shi. Kowanne yana da 'yar washa mai hana yoyo, duk sun lotse sun zama kamar ɓawon albasa. Bai sami irinsu a kasuwa ba, sai wani abokinsa mai aiki a wajen jima ya kawo masa guntuwar fata, ya yanka da reza. Aka zo zuba sabon mai, na ɗauko mazurari. Ya ce in mayar. Ita wannan ta ƙasa ake cika ta, a yi ta turawa har mai ya ɓullo ta ramin sama, in ba haka ba iska ta maƙale a ciki ta yaudare ka cewa ta cika.

Na ce, "Tun ina yarinya nake zuba mai a kwalba, ban taɓa ganin an zuba ta gindi ba."

Ya ce, "Kwalbarki ba ta shiga kogi."

Ya aro babban sirinji wajen malamin dabbobi, irin wanda ake ɗura wa shanu magani. Aikin na mutum biyu ne. Shi yana tsugune yana tura mai ta ƙasa, ni ina tsaye ina jiran ya ɓullo ta sama, da ya ɓullo in toshe ramin da babban yatsa har ya zare sirinji ya ɗaura notin ƙasa. Haka na shiga aikin jirgin ruwa ba tare da an tambaye ni ba. Man giya kuwa yana da wani wari kamar an haɗa tafarnuwa da ruɓaɓɓen ƙwai. Na wanke yatsan da toka, na wanke da lemon tsami, amma da na kai loma baki sai in ji shi.

Aka mayar da ƙafa, aka gangara kogi, aka dawo, aka tsiyaya. Fari. Malam ya daɗe yana juya kwanon a rana, sannan ya ce ai ya rage, wannan karon kamar shayi ne da aka yi wa rowar madara. Ni dai kunun gyaɗa na sake gani.

A lokacin man giya ya yi wuya, kamar yadda sabulu da madara da komai suka yi wuya. Ga shi duk gwaji sai an zubar da wani. Na ga yana kallon galan ɗinsa da ya kusa ƙarewa, tausayinsa ya kama ni, kuma a nan ne na ga ilimina ya zo wurin da za a amfana da shi. Mu masu man gyaɗa da ruwan zafi muke fito da mai daga tunkuza, in ruwa ya saura a ciki kuma sai mu ɗora a wuta har ya ƙone, mai ya dawo garau. Na ce masa mai ai mai ne, ya kawo wanda ya lalace in dafa masa.

Ya ce a kamfani ba a taɓa yi ba, amma a kamfani ba a taɓa rasa mai ba.

Na zuba a tukunyar ƙarfen da nake suya da ita, na hura wuta. Da farko ya fara tsartsatsi kamar kowane mai, har na dubi Malam da alfahari. Sai kumfa ta taso, ta ci gaba da tasowa, ta zubo a kan itace, wani hayaƙi mai launin toka ya turnuƙe gidan ya haura katanga. Iya ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Maƙwabciyata ta aiko tambaya ko taya muke ƙonawa. Da ya huce ruwan kam ya fita, gaskiyata ke nan, amma abin da ya rage baƙi ne wuluk, tsululu. Malam ya murza shi tsakanin yatsu ya ce ya mutu. Bai zarge ni ba, ya ce ai shawara ce. Shi bai rasa komai ba sai man da dama ya lalace. Ni kuwa na goge tukunyar nan da rairayi har hannuna ya yi ja, amma 'yan talla sun dawo mini da ƙuli-ƙulin makon nan, wai masu saye sun ce gareji yake ƙamshi.

Wadda ta ci riba ita ce Iya. Wani maƙwabci ya roƙi mataccen man ya shafa wa azarar ɗakinsa saboda gara, ta ba shi. Wani ya shafa wa akuyarsa mai ƙazuwa, akuyar ta warke, ko don man ko don kwananta bai ƙare ba. Magana ta bazu cewa man jirgi ya fi baƙin man mota, kuma farin ya fi baƙin. Aka fara aiko gwangwanaye har daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, Iya na zaune a ƙofar ɗaki tana rabawa da ludayi tana karɓar godiya. Duk ranar da aka dawo daga gwaji ita ke fara tambaya, "An samu?" In Malam ya ce har yanzu fari ne, sai ta ce, "To, Allah ya kyauta," da muryar wanda Allah ya riga ya kyauta wa.

Shi ma dattijo mai fito yakan zo zaure ya yi wa Malam jaje, kuma da zuciya ɗaya yake yi. Ina jiyo shi yana cewa, "Ka bi shi a hankali, ɗana. Ni ma nawa ya taɓa yoyo, da tsumma da kwalta na rabu da shi." Malam ya ce, "Na gode, Baba."

Damina ta raba tsakiya kafin Malam ya sake dabara. Wata Lahadi da hantsi ya tsiyaye man tas, ya yanko bawul daga tsohon tiyub ɗin keke ya ɗaura a ramin sama, sannan ya ce in ba shi duron ruwana. Aka cika shi, aka sauke ƙafar a ciki har ruwa ya rufe ta. Ya ce zai hura mata iska da famfon keke, duk inda ruwa ke shiga ta nan iska za ta fito.

"Ni ba zan iya famfo da kallo a lokaci ɗaya ba. Ke za ki duba. Kada ki ɗauke ido."

Na sunkuya a kan duro. Ruwan ya kwanta, ina ganin fuskata da ganyen darbejiya da ya leƙo ta katanga, ƙarƙashinsu kuma ga farfela. Yana bayana yana turawa, ina jin numfashinsa da kukan famfo. Mun yi shekaru da aure, na haifa masa 'ya'ya, amma ban tuna ranar da ya tsaya yana jiran in faɗa masa abin da na gani kamar ranar nan ba.

"Akwai?"

"Babu."

Ya ƙara. Sai na ga wasu 'yan ƙwayoyin iska ƙanana suna tasowa a jere, irin na ruwan da ya kusa tafasa. Ba daga noti suke ba. Na sa hannu cikin ruwan na bi su da yatsa har na taɓo inda suke fitowa.

"Ga su nan. Bayan farfela."

Ya ajiye famfo ya zo muka haɗa kai a bakin duro muna kallonsu. Iya ta fito ta same mu a haka, ta tsaya, ta koma.

Da ya kwance farfelar, sai ga zaren fatsa na roba ya naɗe sandar ƙarfen da ke juya ta. Ya naɗu ya naɗu, zafi ya narkar da shi ya zama zobe mai tauri, ya ci cikin wata 'yar roba mai hana ruwa shiga, wadda makanikai ke ce wa sil. Girmanta bai wuce munduwar jariri ba. Malam ya riƙe ta a tafin hannu yana dubanta kamar wadda ta zage shi. Na tambaye shi daga ina zaren ya fito, don masuntan garinmu ma da irinsa suke kamu, har da 'ya'yan dattijo mai fito. Ya ce daga Tiga ne, tun zamanin Kwara. Bai duba ba ya faɗa. Na gane ba ya son ya zama na gida ne.

Gano ciwo daban, samun magani daban. Ya zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa, ya zagaye Sabon Gari, duk wanda ya nuna wa sai ya tambaye shi ta wace mota ce, in ya ce ta jirgi ce a yi dariya a miƙo masa abarsa. Ya gwada wata ta famfon ruwan kamfani da ta yi kusa da girmanta. Muka koma bakin duro, wannan karon ba sai na sunkuya ba, daga inda nake tsaye nake ganin iska na ɓulɓulowa. A ƙarshe ya naɗe tsohuwar a takarda ya ba wani direban babbar mota mai zuwa Ikko, ya ce ya nemo masa a wajen masu jiragen can. Zuwan farko direban ya manta da ita a aljihun wata riga. Zuwa na biyu ya samo.

Ranar da ta iso an riga an yanke gero. Kogi ya janye, ma'aikatan tsallake na ratsowa da takalmansu a hannu, motocin tifa sun shiga tsakiyarsa suna ɗibar yashi.

Malam bai damu ba. Ya ɗaura sabuwar sil, muka sauke ƙafa a duro, ya yi ta famfo har gumi ya jiƙa masa riga. Na kalli ruwan nan har idona ya fara ganin abin da babu. Ko ƙwayar iska ɗaya ba ta taso ba. Muka cika ta da sabon mai, shi a ƙasa ni a sama. Duk ranin nan babu ƙafar jirgi mai lafiyar tamu a ƙasar Kano. Ran Juma'a in ya dawo masallaci yakan ɗan sassauta noti ya ɗigo a tafin hannu ya nuna mini, ni kuma in ce zuma. Masu gwangwani suka yi ta zuwa Iya na ba su haƙuri, har suka daina.

Ni da jiniyar kamfanoni nake sanin lokaci. Akwai ta asuba, akwai ta azahar, akwai ta bayan isha, kowane kamfani da muryarsa. A ranin nan ne suka fara raguwa. Ta dare ta fara yin shiru, sannan wata mai siririyar murya da nake ɗora tukunya da ita ta daina gaba ɗaya. Aka ce babu kayan aiki, an sallami mutane sai an neme su. Shi kansa Malam aka mayar da shi rabin mako. Da damina ta zagayo kogi ya kawo, masu jira a gaɓar tsallake ba su fi cikin kwalekwale ɗaya ba, kuma yawancinsu 'ya'yan 'yan'uwan dattijo ne ko surukansa.

Duk da haka Malam ya fara fito da jirginsa, wasu suka shiga don kunya, wasu don marmari. A nan aka gano abin da ba a gani a duro. Ƙafar tana son ruwa mai zurfi, don haka jirgi ba ya matsowa gaɓa, sai mutum ya tattare wando ya shiga ruwa har cinya kafin ya hau, haka kuma in zai sauka. Kwalekwale kuwa har kan yashi yake kai ka. Masu keke ba su da inda za su sa kekensu. Wata mai nono ta shiga sau ɗaya, ta sauka da rabin ƙwarya. Faɗin kogin kuma bai ishi jirgin ba, kafin ya ɗaga hancin nan da ake ba ni labari ya riga ya kai ƙetare, ga fetur sai an kwana a layi. Ba a daɗe ba kowa ya koma wa dattijo, suna gaishe da Malam da ladabi in sun wuce shi.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a tsallake, gidan ƙanwar Iya. Ranar suna an kwana ana ruwa, kogi ya cika ya batse. Malam ya ce shi zai kai mu. Iya ta ce ita kwalekwale ta sani, ya ce, "Iya, ku shiga sau ɗaya, ko don mutane." Ya ɗauke ta cak ya sa a ciki. Ni na tattare zane na shiga ruwa da ƙullin ƙuli-ƙulin barka a ka. Ran nan na fara taka jirgin da na san cikin ƙafarsa fiye da cikin akwatina.

Kujerunsa masu laushi ne, rana ta fasa fatarsu. Malam ya tayar da inji, ƙasan jirgin ya ɗauki rawa har cikin haƙorana. Na zaci zai miƙe ƙetare. Sai ya karkata sitiyari ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ya waiwayo ya ce mu riƙe, ya tura wani ƙarfe gaba.

Hancin ya ɗaga. Gaskiya ya faɗa duk shekarun nan. Gaɓa ta fara gudu da baya, iska ta fizge mayafina na cafke shi da haƙori, ruwa na tsagewa gida biyu fari fat. Na ga bayan garinmu wanda ban taɓa gani ba, na ga dogayen bututun hayaƙin kamfanoni, ɗaya ne kawai ke hayaƙi, na ga inda jan ruwan jima ke gangarowa ya shiga kogi ya yi tafiya mai nisa bai yarda ya gauraya ba. Iya ta damƙe gwiwata tana karanto duk addu'ar da ta sani. Na ji wani yana dariya, ashe ni ce. Malam yana tsaye a gaba, hularsa a hammata, bai waiwayo ba, amma ko ta ƙeya na san yadda fuskarsa take. Ya kai mu har wata kwana mai nisa, ya juyo, sannan ya sauke mu inda za mu.

Iya ta taka ƙasa. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Ashe yana tafiya."

Muka wuni gidan suna. Shi ma Malam ya zauna cikin maza, aka ci aka sha, ana ta tambayarsa labarin jirgi yana bayarwa. Abin da duk muka manta, mu da aka haifi wasunmu a bakinsa, shi ne halin kogin nan: ruwan da ya kawo da safe ba ya jiran yamma. Bayan la'asar muka gangaro muka tarar ruwa ya koma tsakiya, jirgi na zaune a kan yashi ya karkata gefe guda, wata akuya na kwance a inuwarsa.

Dattijo mai fito yana nan da gorarsa. Ya matso da kwalekwale har kan yashi, ya kama hannun Iya, ya ce mini, "Shiga a hankali, 'yata." Malam ya ce mu tafi, shi ba zai bar shi a nan shi kaɗai ba, zai zauna gidan ƙanwar Iya har a sake ruwa.

Mun ɗan yi nisa na waiwaya. Yana tsugune a bayan jirgin da sukundireba. Na san abin da yake yi. Ya ɗigo a tafin hannu, ya duba, ya miƙe ya ɗaga hannun sama yana nuna mana.

"Garau yake," ya ƙwala daga gaɓa.

Dattijo ya ce, "Madalla," ya ci gaba da tura gorarsa.

Iya ta ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Ya ce mu gaida gida."

Sama ta ɗauke kwana da kwanaki kamar da gayya, daga can Malam yake biyo kwalekwale ya tafi aiki ya koma. Da aka sake ruwa ya dawo da jirgin gindin darbejiya, bai ƙara saukar da shi ba. Bayan kaka wani farken kifi daga wajen Yawuri ya ji labari ya zo ya saya. Malam ya ɓata hantsi guda yana koya masa yadda ake cika ƙafa ta ƙasa, da yadda ake kwance farfela a duba zare, mutumin na ta gyaɗa kai. Daga baya wani ya ce ya ga jirgin a can, an cire injin an kai gidan niƙa, ana tuƙa gangar jikin da filafili. Malam ya ce ba shi ba ne, farin jirgi ai da yawa. A shekarar ne kamfaninsu ya rufe, ya koma gyaran injin ban-ruwa na masu lambu a bakin kogi, kuma da wannan sana'ar muka aurar da 'ya'yanmu.